Muhammadu al-Katsinawi: Baƙon da Ya Koyar da Masu Masaukinsa

A yau, ɗalibin da ya tashi daga Dutse Alhaji zai hau jirgin sama a Abuja, ya sauka a Alƙahira cikin 'yan sa'o'i. Shekaru ɗari uku da suka shige kuwa, irin wannan tafiya takan ci watanni, wani lokaci ma shekaru, a ƙasa ko a kan raƙumi. Ba kowa ke komowa gida ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ta shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi.

An haife shi a ƙasar Katsina, kuma Bafulatani ne. A zamaninsa Katsina gari ne na fatauci da malanta. Ya karanci Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci, sannan ya zurfafa a lissafi da ilimin taurari. Daga cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali, mutumin Bagirmi, wadda take cikin ƙasar Chadi a yau.

Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji. Ya zauna a Makka yana karatu, yana kuma karantarwa, daga bisani ya wuce Alƙahira, birnin Azhar, inda ɗalibai daga ƙasashe da dama ke taruwa. Baƙo a irin wannan birni yana bukatar masauki da wanda zai tsaya masa. Malam Muhammadu ya sami duka biyu a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda shi ma kakanninsa daga gabashin Afirka suka zo Masar.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne lissafin hatimi. Hatimi zane ne mai gida-gida, ana sa lamba a kowane gida. Mafi sauƙinsa yana da gida 9. A layin farko a rubuta 4, 9, 2. A na biyu 3, 5, 7. A na uku 8, 1, 6. Duk layin da aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimlarsa 15 ce. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci, mai suna Bahjat al-Afaq, inda ya bayyana hanyoyin tsara hatimai manya da ƙanana. Yana da wani littafin kuma, al-Durr al-Manzum, wanda ya kammala a Alƙahira. Shi kansa mai masaukinsa ya koyi wannan ilimi a wurinsa.

Malam Muhammadu bai sake ganin Katsina ba. Ya rasu a gidan al-Jabarti a 1741, ya bar masa littattafansa, aka kuma binne shi a Alƙahira. Ɗan Shaihu Hasan, wato Abdurrahman al-Jabarti, ya zama mashahurin marubucin tarihin Masar. Ko da yake an haife shi bayan rasuwar baƙon, ya sanya labarinsa cikin littafinsa tare da manyan malaman ƙasar. Ta wannan hanya sunan Katsina ya shiga tarihin Masar.

Har yanzu 'yan Nijeriya da Nijar na zuwa Azhar neman ilimi. Rayuwar Malam Muhammadu tana tuna musu cewa karatun da mutum ya yi a gida shi ne guzurinsa a ƙasar waje.