Tarihin Soren Kirkegad, Ɗan Attajirin Danmak da Ya Ƙarar da Gadonsa Wajen Neman Gaskiya

Fataken Fagge da 'yan kasuwar Sabon Gari sun san ƙasar Danmak ta wajen kaya, wato madarar Dano da ake saukewa a Singa, da kwantenonin Maersk masu ɗauko haja daga bakin teku. Malamai kuwa sun fi tuna ta da ɓacin ran shekarar 2005, sa'ad da wata jaridar can ta buga zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har jama'a suka ƙaurace wa kayan ƙasar. To, amma kowace ƙasa da wawayenta da masu hankalinta. Wannan tarihin ɗaya daga cikin masu hankalin ne, wanda shi ma wata jaridar zane ta garinsu ta ci mutuncinsa kusan shekara 160 kafin wancan al'amari. Sunansa Soren Kirkegad. Banasare ne, a kan addinin Nasara ya rayu, a kansa ya mutu, kuma abin da ya ƙudurta game da Annabi Isa, alaihissalam, ya saɓa wa aƙidar Musulunci. Duk da haka tambayar da ya ƙare ransa a kanta ta shafi malami a zaure da falke a rumfa, ita ce bambancin wanda ya gaji addini da wanda ya riƙe shi da zuciyarsa.

An haife shi a birnin Kofanhagan ranar 5 ga watan Mayu 1813, daidai da shekarar Hijira 1228, zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana raye, Sulaimanu yana sarautar Kano. Ubansa, Mika'el, ɗan talakawa ne daga wani ƙauye a yankin Jutlan, inda ƙasa ba ta da albarka, iska kuma ba ta da sauƙi. Tun yana yaro aka sa shi kiwon tumaki. Wata rana yunwa da sanyi suka ishe shi a daji, sai ya hau wani tudu ya ɗaga kai sama ya furta kalmar saɓo ga Ubangijinsa. Ba a daɗe ba wani kawunsa mai sayar da kayan ulu ya kai shi birni ya koya masa ciniki. Kasuwa ta karɓe shi, ya yi kuɗi ƙwarai, har ya bar kanti yana da shekara 40 ya zauna gida yana karatun addini. A shekarar da aka haifi Soren baitulmalin ƙasar ya karye, attajirai da yawa suka wayi gari matsiyata, shi kuwa dukiyarsa ta tsira.

Wani zai ɗauki wannan budi ne. Shi Mika'el abin da malamai ke kira istidraji ya ɗauke shi, wato talala da ake yi wa mai laifi kafin a kama shi. Ga kuma laifi na biyu da ke cinsa, domin da matarsa ta fari ta mutu ba haihuwa, ya auri 'yar aikin gidansa, ta haihu tun ba a cika wata biyar da ɗaurin aure ba. Ita ta haifa masa 'ya'ya bakwai, Soren ne auta. Daga 1819 zuwa 1834 biyar daga cikinsu suka mutu, uwar ma ta bi su, ba wanda ya kai shekara 34. Tsohon ya sakankance shi zai binne 'ya'yansa duka, autan kuma ya tashi da wannan tsoro a ransa. Gida ne na wadata, amma dariya ba ta da yawa a cikinsa.

A 1830 Soren ya shiga jami'ar Kofanhagan don karatun ilmin addini, kamar yadda ubansa ya so. Sai dai ya shekara goma bai gama ba. Ya zama ɗan ƙwalisa, mai son tufa da gidajen shan gahawa da wasan kwaikwayo, ga kaifin harshe da ba wanda ya tsira daga gare shi. Ya ci bashin teloli da masu sayar da littattafai, uban ya riƙa biya. A cikin wannan hali, a shekarar 1835, ya rubuta a littafin sirrinsa cewa abin da ya rasa shi ne gaskiyar da zai iya rayuwa dominta ya mutu dominta, tarin sanin da ke kansa kuwa bai ba shi ita ba. Uban ya rasu a 1838 bayan sun shirya. Mutuwar ta girgiza shi, ya koma kan karatu da gaske, ya ci jarrabawa a 1840, ya kuma gaji dukiyar da za ta ishe shi zama ba tare da neman aiki ba.

A watan Satumba na wannan shekara ya nemi auren wata yarinya 'yar gidan mutunci mai suna Rejina Olsen, aka ba shi. Kashegari nadama ta kama shi, ko da yake yana sonta iyakar so. Ya ga cewa aure yana bukatar mutum ya buɗe cikinsa ga matarsa, shi kuwa yana ɗauke da baƙin cikin gidansu da sirrin ubansa, ga kuma wani kira da yake ji a ransa wanda ba zai bar shi ya zama maigida kamar kowa ba. Bayan shekara guda ya mayar mata da zoben baiko. Yarinyar ta roƙe shi, ubanta ya roƙe shi, ya ƙi, har ya riƙa nuna kansa mutumin banza don ta sami sauƙin mantawa da shi. Gari ya ɗauka da zaginsa, kuma akwai alhaki a kansa wanda shi da kansa bai taɓa musunsa ba. Ita ta auri wani ma'aikacin gwamnati a 1847. Shi bai yi aure ba har ya mutu.

Daga nan alƙalami ya ɓalle masa. Tsakanin 1843 da 1850 ya fid da littattafai masu yawa, galibi da kuɗin aljihunsa, waɗansu da sunansa, waɗansu da sunayen aro. Hikimar sunayen aron ita ce kowane suna ya tsaya a matsayin mutum mai irin tasa rayuwa, a bar mai karatu ya auna ya zaɓa da kansa. A cikinsu ya kasa zaman duniya mataki uku. Na fari shi ne mai bin daɗi, wanda kullum yake neman sabon abu don gudun gundura, ƙarshensa ɗebe ƙauna. Na biyu mai riƙon amana, mai aure da sana'a da cika alkawari, wanda jama'a ke yabo. Na uku shi ne wanda ya gane cewa ko kirkinsa bai isa ya wanke shi ba, ya tsaya gaban Allah shi kaɗai ba dangi ba taro. A ganinsa hujja tana iya kai mutum bakin wannan mataki, amma shigarsa sai da yanke shawara da miƙa wuya.

Babban misalin da ya kafa a kan haka shi ne Annabi Ibrahim, alaihissalam, a littafinsa na 1843 mai suna Tsoro da Makyarkyata. A littafin Nasara Is'haƙu ne aka umarta a yanka, jumhurun malaman Musulunci kuwa suna kan cewa Isma'ilu ne. Abin da ya dami Kirkegad shi ne yadda mutane ke jin ƙissar cikin kwanciyar rai, saboda sun riga sun san rago zai zo. Sun manta cewa wanda aka umarta bai ga ragon ba sa'ad da ya kama hanya, kuma ba wanda zai iya yi wa bayani ya fahimce shi. Wanda ya tsallake wannan tsoro ya tafi kai tsaye wajen nama bai san tsadar imani ba. Ya ƙara da cewa mai imani na gaskiya ba lalle ne a gane shi da tufa ko da fuska ba, yana iya zama kamar kowane mai karɓar haraji ko ɗan kasuwa, yana cin abincinsa da marmari, alhali ya riga ya sallama kome ga Ubangijinsa.

Ya yi jayayya da almajiran Hegel, babban masanin falsafa na Jamus, waɗanda ke da'awar sun tsara bayanin duniya gaba ɗaya. Ya kwatanta su da wanda ya gina ƙasaitaccen soro, sa'an nan ya koma bukkar gefe yana kwana, domin ilminsu bai shiga rayuwarsu ba. Ya lura kuma da wani abu da kowane falke ya sani, cewa sai an waiwaya ake gane ma'anar abin da ya wuce, amma tafiya gaba ake yinta. Wanda ya sari yadi a Kantin Kwari ba ya sanin riba ko faɗuwa sai an rufe lissafi, duk da haka dole ya saya tun da safe. Fargabar da ke kama mutum a irin wannan tsayuwa ya rubuta littafi guda a kanta a 1844, ya ce alama ce ta cewa an ba ɗan Adam zaɓi, kuma za a tambaye shi.

Mutum ne mai yawon titi. Kullum yakan zaga gari da sandarsa yana hira da kowa, daga malaman jami'a har 'yan aikin gida. A 1846 wannan jin daɗi ya ƙare, domin ya tsokani wata jaridar ba'a mai suna Korsar, wadda manya ke tsoro suna kuma karantawa a ɓoye. Jaridar ta yi watanni tana zana shi da ƙusumbi da wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Yara suka riƙa binsa da ihu, manyan da ke yaba masa a ɗaki suka yi shiru. A nan ya ƙara tabbata cewa taro ba ya ɗaukar alhaki, abin da mutum zai ji kunyar yi shi kaɗai yakan yi shi cikin jama'a ba ko gezau, alhali hisabi ɗaiɗai ake yinsa. Da ya cika shekara 34 a 1847 ya yi mamakin ganin kansa da rai.

Yaƙinsa na ƙarshe da limaman ƙasarsa ya yi shi. A Danmak cocin Lutar ne na gwamnati, shi ne kuma mazhabar Likita Bronnum da ya kafa mishan a Numan ta Adamawa a 1913. A zamanin Kirkegad limami ma'aikacin sarki ne, da albashinsa da gidansa da ƙarin girma, kusan duk wanda aka haifa kuma ana lissafa shi mai bi tun yana jariri. A watan Janairu 1854 babban limami Minsta, wanda shi ne malamin ubansa, ya mutu. Wanda ya gaje shi, Martensen, ya tsaya a mumbari ya sa shi a jerin shaidun gaskiya. Kirkegad ya yi ta haƙuri har watan Disamba, sa'an nan ya amsa a jarida cewa shaidun gaskiya su ne waɗanda aka daka aka ɗaure aka kashe, mamacin kuwa ya rayu cikin daraja da ni'imar fada. A 1855 ya fara buga 'yar ƙasidarsa mai suna Lokacin, ya fid da fitowa 9. Jigonta shi ne cewa wanda ke cin abinci da wa'azin gudun duniya ya mai da addini haja, kuma ƙasar da kowa ke amsa sunan mai bi ba tare da ya biya kome ba, an kusa rasa mai bi a cikinta. Ya ce shi kansa bai kai ba, gaskiya kaɗai yake nema a faɗa. Ya yi tsanani har ya haɗa da na kirki, yawancin limaman kuwa suka ƙi tanka masa. Maganar malamin fada da malamin zaure tsohuwa ce a ƙasar Hausa, mai karatu ba ya bukatar tafinta a nan.

Ranar 2 ga Oktoba 1855 ya faɗi a kan titi, aka kai shi asibiti. Ya ƙi karɓar jibin ƙarshe na addininsu daga hannun limamin gwamnati, ya ƙi ganin wansa Bitrus wanda limami ne. Wani abokinsa na ƙuruciya ya tambaye shi ko yana iya addu'a cikin natsuwa, ya amsa yana iyawa, kuma gafara yake fara roƙo. Ya rasu ranar 11 ga Nuwamba 1855, Hijira 1272, yana da shekara 42, a shekarar da Abdullahi Maje Karofi ya hau gadon Kano. Da aka duba sai aka tarar gadon ya kusa ƙarewa sarai, littattafai da zaman gida sun cinye shi. Abin da ya rage ya yi wasiyya a ba Rejina, domin a wurinsa baiko alkawari ne mai nauyin aure. Tana can tsibiran yamma inda mijinta ke gwamna, ba ta karɓi dukiyar ba. An yi masa jana'iza a babban cocin birnin da ya yi faɗa da shi, a bakin kabari kuma wani ɗan 'yar'uwarsa ya tashi ya yi ƙorafi a kan haka, aka ci shi tara.

Harshen Danmak ƙarami ne, saboda haka sunansa ya kwanta shekaru masu yawa. Sannu a hankali aka juya littattafansa zuwa Jamusanci, daga baya Faransanci da Ingilishi, ya zama ana kiransa uban mazhabar falsafa da Larabawa ke ce wa wujudiyya, wadda Abdurrahman Badawi na Masar ya yi rubutu a kanta. Waɗansu da suka ɗauki hanyar, irin su Sartar na Faransa, sun jefar da imani suka riƙe fargabar kaɗai, abin da mai ita bai nufa ba. Limaman da suka yi masa shiru kuwa, yau akasari albarkacinsa ake tuna sunansu a wajen ƙasarsu.

Uban ya tara dukiya da ciniki bai sami natsuwa ba, ɗan ya ƙarar da ita a kan tambaya guda. Allah Ya ba da ikon gyara niyya, Ya sa a gama da duniya lafiya, amin.