Maulana Abul Kalam Azad: Malamin tafsirin da ya ƙi amincewa a raba Indiya

A shekarun 1940, lokacin da Turawan Birtaniya ke shirin tattara komatsansu su bar Indiya, Musulmin ƙasar da dama sun karkata ga samun ƙasarsu ta daban. Amma wani malamin tafsiri ya tsaya kai da fata cewa rabuwar ba za ta haifa wa Musulmi ɗa mai ido ba. Shi ne Maulana Abul Kalam Azad, kuma matsayin nasa ya jawo masa baƙin jini a wurin mutanensa.

An haife shi a Makka ranar 11 ga Nuwamba, 1888. Mahaifinsa, Maulana Khairuddin, shehin ɗariƙa ne ɗan Indiya mai ɗimbin muridai, mahaifiyarsa kuma Balarabiya ce. Tun yana yaro suka koma birnin Kalkata na Indiya, inda ya karanci Larabci da Farisanci da fiƙihu a gida. An sa ran zai gaji kujerar mahaifinsa, sai ya zaɓi alƙalami. Shi ya raɗa wa kansa laƙabin Azad, wato mai 'yanci.

A 1912 ya kafa jaridar Al-Hilal da harshen Urdu, yana kafa hujja da Alƙur'ani cewa yaƙi da mulkin mallaka aikin addini ne, kuma ya kamata Musulmi su haɗa kai da mabiya addinin Hindu a kansa. Turawa suka rufe jaridar a 1914, ya buɗe Al-Balagh. A 1916 suka kore shi daga yankin Bengal, suka killace shi a garin Ranchi har zuwa 1920.

Da ya fito, ya shiga gwagwarmaya tare da Mahatma Gandhi. A 1923 ya zama shugaban jam'iyyar Congress mai fafutukar 'yancin Indiya. Siyasa ba ta raba shi da karatu ba: a 1931 ya fitar da juzu'in farko na Tarjuman al-Qur'an, fassara da tafsirinsa na Urdu, sai dai bai kammala aikin ba har ya rasu.

Ya sake shugabantar Congress daga 1940 zuwa 1946, daidai lokacin da jam'iyyar Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah ke neman a kafa Pakistan. Hujjar Azad ita ce, miliyoyin Musulmi ba za su iya ƙaura ba, don haka rabuwa za ta bar su 'yan tsiraru marasa ƙarfi a Indiya. Jinnah ya ɗauke shi ɗan amshin shatan Congress, ya ƙi yarda cewa yana wakiltar Musulmi. Turawa kuma suka tsare shi a gidan yarin Ahmednagar daga 1942 zuwa 1945, kuma yana can matarsa Zulaikha ta rasu.

A zaɓen 1945 zuwa 1946, Muslim League ta lashe mafi yawan kujerun Musulmi. A Agustan 1947 aka raba ƙasar, dubban ɗaruruwan mutane suka mutu, miliyoyi suka rasa muhalli. Azad bai tafi ba. Ya tsaya a babban masallacin Juma'a na Delhi yana roƙon Musulmi kada tsoro ya sa su bar ƙasar kakanninsu.

Shi ne ministan ilimi na farko bayan 'yanci, kuma a zamaninsa aka buɗe cibiyar fasaha ta IIT ta farko a Kharagpur a 1951. Ya rasu yana kan kujerar ranar 22 ga Fabrairu, 1958, aka binne shi kusa da wancan masallaci.

Ya bar wasiyyar a ɓoye shafi kusan 30 na tarihin rayuwarsa na tsawon shekara 30. Da aka bayyana su a 1988, sai aka ga ya ɗora wani ɓangare na laifin rabuwar a kan abokansa na Congress, Jawaharlal Nehru da Sardar Patel. A yau, duk ranar 11 ga Nuwamba, Indiya na bikin Ranar Ilimi ta Ƙasa domin tunawa da shi.