Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Charles Lindsay Temple, Razdan Mai Dokar Ƙasa (1871–1929)

Duk wanda ya taɓa neman takardar fili, ko ta gona ko ta majami'a, daga Boɗinga har Shagari, ya ci karo da aikin wannan Bature ko da bai san sunansa ba.

An haife shi a Indiya a shekara ta 1871. Mahaifinsa, Sir Richard Temple, babban jami'in mulkin Ingila ne a can. Ya yi aiki a Manaus ta ƙasar Brazil, kana ya iso Arewa a 1901. A 1902 aka ɗora shi Razdan na Bauchi, lardin da kuzar tudun Jos take ciki. Daga baya ya riƙe Sakkwato da Kano, ya zama Babban Sakatare a 1910, sa'an nan Laftanan Gwamna na Arewa daga 1914 zuwa 1917.

Babban aikinsa shi ne batun ƙasa. A 1908 ya zauna cikin kwamitin da ya yi taro a Landan, zamanin Gwamna Girouard, domin a yanke ko wane ne mai ƙasar Arewa. Temple ya tsaya a kan cewa kada a mai da ƙasa hajar kasuwa. Dokar da ta fito a 1910 ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin 'yan ƙasa, baƙo kuwa sai dai aro da takarda. Shi ya sa kamfanonin Turawa ba su saye gonakin kakanninmu ba. Wannan mun yaba masa. Dokar 1962 da ta 1978 duk daga wannan tushe suka tsiro.

Amma kariyar ba ta kai ƙarƙashin ƙasa ba. Ma'adinai na gwamnati ne, kuma tun 1900 aka yi wa Kamfanin Neja alkawarin rabin kuɗin da aka karɓa a kansu har shekara 99. Mutanen tudun Jos suna ji suna gani gonakinsu suka zama ramukan kuza.

Ga mu kuma, ba za mu ɓoye ba, Temple bai so 'yan mishan su zauna a masarautun Musulmi ba, yana ganin za su raunana sarakuna. Tun da fili sai da izinin Gwamna, hana takarda kaɗai ya isa rufe ƙofa. Sai bayan 1930 mishan ta SIM ta sami shiga lardin Sakkwato, har ta riƙe asibitin kutare na Amanawa.

Rashin lafiya ya sa ya ajiye aiki a 1917. Ya rasu a Granada ta ƙasar Sifen a watan Janairu 1929.