Osamu Tezuka: Likitan da Ya Ajiye Allura Ya Ɗauki Alƙalamin Zane

Duk wanda ya taɓa karɓar Dororo daga wayar abokinsa a hostel ya kwana yana kallo, to ya san aikin Osamu Tezuka, ko da bai san sunansa ba. An haife shi a Toyonaka, kusa da Osaka a Japan, ranar 3 ga Nuwamba 1928. Yana saurayi ya ga yadda jiragen Amurka suka yi wa Osaka ruwan wuta a 1945. Ya karanta likitanci har ya samu lasisi, amma zane ya fi ƙarfinsa. Astro Boy, wanda ya fara a 1952, shi ya fito da shi duniya.

Ni dai Dororo ne ya kama ni. A 1967 ya fara shi. Wani basarake mai kwaɗayin mulki ya yi wa aljanu 48 alkawarin gaɓoɓin ɗansa tun yana ciki. Aka haifi yaron ba ido, ba kunne, ba hannu, ba ƙafa, aka sake shi a kogi. Wani likita ya tsince shi, ya haɗa masa gaɓoɓin aro. Shi ne Hyakkimaru, kuma duk aljanin da ya kashe sai gaɓa ɗaya ta dawo masa. Abokin tafiyarsa Dororo kuwa maraya ne, ɓarawo, ga bakin tsiya, tun farko ma takobin Hyakkimaru ya biyo ya sace. Ƙauyen da suka ceta, sau da yawa shi ke korarsu. Wallahi ba waliyyi ko ɗaya a ciki, shi ya sa suka shiga raina. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, ba sai an yi mana tafsirin yaron da ke biyan bashin da bai ci ba.

Shi kansa Tezuka yana da nasa. An san shi da kishin matasan masu zane, kuma kamfanin da ya kafa, Mushi Production, ya karye a 1973. Dororo ma a gaggauce ya rufe shi, Hyakkimaru bai gama karɓo jikinsa ba.

Ciwon dajin ciki ya kashe shi ranar 9 ga Fabrairu 1989, yana da shekara 60, yana zane har a gadon asibiti. Wanda ke yawo a wayoyinmu na 2019 ne, shekara 30 bayan mutuwarsa, kuma a can an rage aljanun zuwa 12.