Isaac Watts: Mutumin da Ya Ba Ikilisiya Sabuwar Waƙa

'Yan'uwa, sau da yawa muna raira waƙa a sujada ba tare da mun tambayi wanda ya rubuta ta ba, balle abin da ya sha a kanta.

An haifi Isaac Watts a Southampton ta ƙasar Ingila a 1674. Mahaifinsa yana cikin masu bi da suka ƙi bin tsarin Ikilisiyar Ingila, har aka kai shi kurkuku saboda haka. Yaron ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa, ya koyi Latin da Girkanci da Ibrananci. Da aka yi masa tayin biya masa karatun jami'a, sai ya ƙi, domin sharaɗin shi ne ya bar hanyar iyayensa. Ya tafi makarantar 'yan'uwansa a Stoke Newington a 1690.

A lokacin, yawancin ikilisiyoyin Ingila Zabura suke rairawa. Wani zai karanta layi, jama'a su raira, ya sake karanta wani. Abin da ya dami Watts shi ne, mutanen da suka san Almasihu suna waƙa amma sunansa ba ya fitowa daga bakinsu. A ganinsa, ya kamata Dawuda ya yi magana da harshen Sabon Alkawari. A 1707 ya buga littafin waƙoƙinsa, a 1719 kuma ya fitar da Zabura da ya sake wa tufafi. Zabura 72 ta zama waƙar mulkin Yesu, Zabura 98 kuma ita ce tushen waƙar murnar da duniya ke rairawa lokacin Kirsimeti.

Ba kowa ya yi murna ba. Wasu sun ce kalmomin ɗan Adam ba su cancanci tsayawa kusa da Maganar Allah ba, kuma gardamar ta raba kan ikilisiyoyi shekaru masu yawa. Ba ma raina tsoronsu, domin kishin Littafi Mai Tsarki ne ya haife shi. Mu ma iyayenmu sun yi irin wannan muhawara a kan ganga da waƙoƙin Zumuntar Mata.

Abin da ya fi burge mu shi ne wannan: mutumin da ya rubuta littafin ilimin tunani da aka koyar a Oxford da Cambridge, da gangan ya riƙa sauƙaƙa kalmominsa don talaka ya gane. Bai kwaikwayi manyan mawaƙan zamaninsa don a yabe shi ba.

Ya zama fasto a London a 1702, amma ciwo ya hana shi sakat. A 1712 iyalin Sir Thomas Abney suka karɓe shi ya ɗan huta, ya zauna da su shekara 36. Bai yi aure ba. Ya rasu a 1748, ya bar waƙoƙi wajen 750, aka binne shi a maƙabartar Bunhill Fields, inda John Bunyan ma yake kwance.