Thierry Sabine: mutumin da ya ɓace a Tenere, ya dawo da tseren Paris-Dakar

A farkon watan Janairu na 1979, ƴan tseren Paris-Dakar na farko sun baro Agadas suka nufi Yamai. Wani yanki na gasar ya taso daga Tawa ya ƙare a Talcho, arewa da Filinge. Hanyar da ke sauka daga can zuwa babban birni tana bin Dallol Bosso, ta Filinge da ƙasar Tondikandiya inda Damana take, sannan Baleyara. A cikin ayarin akwai babura da manyan motocin daji, akwai kuma ƙananan motoci irin na zuwa kasuwa waɗanda masu su suka gyara da hannunsu. Wanda ya tara wannan jama'a wani matashin Bafaranshe ne mai shekara 29, sunansa Thierry Sabine.

An haifi Sabine ranar 13 ga watan Yuni na 1949 a kusa da birnin Paris. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne mai son tseren motoci. Thierry ya tashi da wannan sha'awa, har ya shiga tseren awa 24 na Le Mans da motar Porsche. Amma baiwarsa ta fi fitowa wajen shirya gasa. A 1975 ya ƙirƙiro tseren babura a kan rairayin bakin teku na garin Le Touquet, a arewacin Faransa, inda ƙwararru da ƴan koyo ke tashi tare a layi guda. Har yau ana gudanar da wannan gasa.

A watan Janairu na 1977 ya shiga tseren Abijan zuwa Nice a kan babur ƙirar Yamaha XT 500. A can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, wajen tsaunukan Tchigaï da ke kusa da iyakar Libiya, ya saki hanya. Ya yi kwanaki shi kaɗai a cikin hamada, ƙishirwa ta kusa kashe shi, kafin wani matuƙin ƙaramin jirgin sama ya hango shi. Wani da ya sha irin wannan wuya ba zai sake waiwayar rairayi ba. Shi kuwa ya koma gida da niyyar kawo ɗaruruwan mutane su ga wurin da ya kusa zama kabarinsa.

Ranar 26 ga watan Disamba na 1978, ababen hawa 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro a Paris. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 10,000, ta Aljeriya, Nijar, Mali da Haute-Volta (Burkina Faso ta yau) zuwa Senegal. A Nijar sun shigo ta Assamaka, suka bi Arlit da Agadas. Ranar 14 ga Janairu na 1979, guda 74 kaɗai suka isa Dakar. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur.

Abin da ya bambanta wannan gasa a shekarunta na farko shi ne ƙofarta a buɗe take ga duk mai mota da ƙarfin hali. Wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun zo da Renault 4, motar da mutanen Yamai suka sani sarai. Sun sa mata na'urar kamfanin Sinpar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, suka ƙara mata ƙarfin inji, suka ɗaga salansa zuwa saman rufi. Da ita suka zo na biyu a cikin motoci, bayan wata Range Rover. A 1982 suka lashe gasar da Renault 20. A tseren farko ɗin kuma har da wata Renault KZ ta shekarun 1920, wadda ta lallaɓa ta kai Dakar. A 1980 an ga ƙananan babura Vespa, a 1981 kuma wata Rolls-Royce da aka sauya mata ciki.

Shirya tsohuwar mota don irin wannan tafiya aiki ne da kowane bakanike na tashar Filinge zai gane. Ana ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa shi. Ana ƙara tankin mai, a ƙarfafa sifirin, a cire duk wani kaya mai nauyi da ba shi da amfani. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji, don haka kowane dare sai an kakkaɓe matatar iska. Idan an shiga rairayi mai laushi, a rage iskar taya domin ta baje, in mota ta kafe a fito da shebur da faifan ƙarfe a shimfiɗa mata. A lokacin babu na'urar GPS. Direba da abokinsa suna dogara ne da littafin hanya da kamfas da ma'aunin kilomita. Attajiran kamfanoni na da makanikai masu jiransu a zango. Ɗan koyo kuwa shi ke tuƙi da rana, shi ke kwana a ƙarƙashin mota da tocila.

Nijar ce ta ba tseren sunan da ya yi a duniya. A 1983 Sabine ya ratsa da ayarin ta tsakiyar Tenere a karon farko. Guguwar rairayi ta taso, kimanin ƴan tsere 40 suka ɓace. Ya shafe kwanaki yana shawagi da jirgi mai saukar ungulu, har aka gano su duka da rai. A Agadas ya sami aboki, Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, wanda ya taimaka da ja-gora da hidimar zango. Kowace shekara zuwan tseren na kawo ciniki ga masu masauki, masu sayar da mai, maƙera da ƴan jagora.

Sai dai ribar ta zo da nata hasarar. Motoci masu gudun tsiya sun riƙa ratsa ƙauyukan da ba a shirya su ba, kuma an rasa rayukan mazauna bakin hanya, har da yara, a ƙasashen da tseren ya bi. Sunayen direbobin da suka mutu sun cika jaridun Turai, na ƴan ƙauye kuwa ba kasafai ake ambatonsu ba. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da fari da yunwa suka addabi Sahel, masu suka a Faransa da Afirka sun yi tir da ƙona dukiya a gaban mutanen da ke neman abin sawa a baki. A gefe guda, shigowar manyan kamfanoni irin su Porsche da Mitsubishi ta soma ture masu tsofaffin motoci zuwa baya.

A 1986 Sabine ya haɗa tseren da wani shiri na kafa famfunan ruwa a ƙauyuka, tare da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine. Ranar 14 ga Janairu, ayarin ya tashi daga Yamai zuwa Gourma-Rharous a Mali. Sabine ya tsaya a Gao, inda ya buɗe wasan ƙwallon ƙafa, abin da ya jinkirta tafiyarsa. Da almuru, cikin iska mai ƙura, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi ƴan kilomitoci kafin zango. Mutum biyar suka mutu: Sabine, Balavoine, ƴar jarida Nathalie Odent, ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur da matuƙin jirgin François-Xavier Bagnoud. Sabine na da shekara 36. An ƙona gawarsa, aka watsa tokar a gindin wata bishiya tilo a arewacin Tenere, wadda taswirori ke kira da sunansa tun daga lokacin.

Mahaifinsa ya karɓi ragamar tseren, daga baya kamfanin ASO ya gaje shi. A 1997 an yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. A 2000 kuwa, saboda barazanar hari, an kwashe motocin daga Yamai zuwa Sebha ta Libiya da manyan jiragen sama. An soke gasar 2008 bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Tun 2021 masu shirya ta suka buɗe wani rukuni na tsofaffin motoci mai suna Dakar Classic, inda ake sake ganin irin motocin da suka taɓa tayar da ƙura tsakanin Tawa da Talcho. Sunan Dakar na nan, amma tseren bai sake taka ƙasar Nijar ba.