Tuna Baya: Dakta Barau Dikko, Likitan Farko Daga Arewa

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Kaduna ya san Asibitin Barau Dikko. Amma in ka tambayi matasanmu na Agege ko na Sabo a Ibadan wane ne mai sunan, da wuya ka samu amsa. To ga tarihinsa a taƙaice.

An haifi Russel Aliyu Barau Dikko a shekarar 1912 a ƙasar Zazzau. Ya tashi ne a cikin 'yar jama'ar nan ta Hausawa da Fulani Kiristoci da ta taru a hannun Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wadda daga baya ta tare a Wusasa. Da ya gama firamare sai aka turo shi nan Kudu, makarantar King's College da ke Legas. Wato shi ma ya ɗanɗana zaman baƙunci a Ikko tun yana yaro, lokacin da ɗan Arewa a ajin sakandare a Legas abin nunawa da yatsa ne. Daga nan ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likitan zamani na farko da Arewa ta samu.

A 1940 ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin likita. A wancan zamani manyan kujerun ma'aikatar lafiya duk a hannun Turawa suke, ga kuma sanƙarau da agana da kuturta da ciwon barci suna ta ɗibar jama'a a karkara. Sannu a hankali ya riƙa hawa: babban likita a 1953, sannan a 1957 ya zama babban jami'i a sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida a ƙasa. A 1960 aka naɗa shi babban sakataren Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa, wato wuƙa da nama na tsarin asibitocin yankin da ya fi rabin Najeriya faɗi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hannunsa a siyasa. Yana cikin 'yan bokon da suka fara taruwa a Zariya a 1948 don duba halin da Arewa ke ciki, kuma da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, shi aka zaɓa shugaba. Ka duba fa: Kirista ne, amma Musulmi irin su Malam Abubakar Imam da Malam Aminu Kano suka zauna ƙarƙashin jagorancinsa ba tare da wani ɗar-ɗar ba. A 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, doka kuwa ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasa. Dole ya zaɓi ɗaya. Sai ya sauka daga shugabancin, ya riƙe aikinsa na likita. Jam'iyyar da ya bari ita ce ta zo ta mulki Arewa da ma tarayya baki ɗaya.

Duk da haka mulki ya biyo shi har gida. A 1967, ana shiga yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma tashin Wusasa ne, ya kira shi Legas ya ba shi kwamishinan ma'adinai da lantarki na tarayya. A zamaninsa aka yi dokar man fetur ta 1969 wadda ta tabbatar da mallakar man a hannun gwamnatin tarayya. A 1971 aka mayar da shi ma'aikatar sufuri.

Ya rasu a 1977. Asibitin Kaduna da ake kira Nursing Home a da, shi ne aka sa wa sunansa, yau kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Likitocin da ake yayewa a can suna bin sawun mutumin da ya fara buɗe wannan hanya shi kaɗai.